Tambaya da Amsa: Ɓeran da Ba a Ceta Ba

Tambaya: Yaya, na sa manhajar ScummVM a salulata, da ita nake buga tsofaffin wasannin kwamfuta, irin waɗanda ake yawo ana tattara kaya ana warware ƙulli. A wasan King's Quest V na kamfanin Sierra an ɗaure ni a ɗakin ƙasa na masauki, duk abin da na gwada sai mutuwa. Abokina kuma ya ce wasannin Sierra su ne na manya tunda sun fi wuya, Monkey Island na yara ne. Haka ne? Daga wani ɗalibi, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

Amsa: Ƙanena, ka huta, inda ka adana wasan nan ba shi da mafita. Can baya, kusa da gidan burodi, kyanwa ta biyo wani ɓera a guje. Da ka jefe ta da tsohon takalmin da ake tsinta a hamada, ɓeran ne zai zo ya gurgure igiyar da aka ɗaure ka. Sau ɗaya abin yake faruwa, cikin ƙiftawar ido, kuma wasan bai ce maka uffan ba. Sai ka koma baya.

Na san zafin nan. A tsohuwar kwamfutar yayana na buga shi, ga zafin bazara, ga kuran na ɗaukewa. Yunwa ta kama Sarki Graham, jarumin wasan, a kan dutse, na ba shi kek ɗin da na saya ya cinye. Ashe shi ake jifan dodon ƙanƙara da shi a gaba. Mako guda ina neman abin da ya riga ya shige ciki.

Don haka ban yarda da abokinka ba. A kacici-kacicin da muka tashi da shi, amsa tana cikin tambayar, in aka faɗa maka sai ka dafe kai ka ce wallahi haka ne. In ta gagara ka ba da gari, a ci gaba da hira. Wasan Sierra na 1990 ɗin nan yana hukunta ka ne kan abin da ba yadda za a yi ka sani.

A shekarar ce kamfanin Lucasfilm ya fitar da The Secret of Monkey Island. Ron Gilbert, wanda ya jagoranci aikin, ya rubuta tun 1989 cewa bai kamata wasa ya bar mutum a maƙale don ya manta wani abu a baya ba. Dubi faɗan takobi a ciki: da baƙar magana ake yinsa. Ɗan fashin teku ya yaɓa maka magana, ka rasa amsa, ka sha kaye, amma ka tafi da maganar a bakinka. Ka yaɓa wa na gaba, shi ya koya maka amsarta. Kowane kaye ƙarin ilimi ne. Da ka isa wurin gwanar takobi sai ta zo da sababbin maganganu, dole ka yi tunanin wace tsohuwar amsa ce ta dace. Wannan ba aikin yara ba ne.

Su ma sun taɓa yin tuntuɓe. A kashi na biyu, na 1991, da biri ake murɗa famfo, don kawai sunan wani irin sifana a Turanci yana ɗauke da kalmar biri. Mai Hausa da Faransanci ina zai gano wannan?

In ka gama, nemi Broken Sword na 1996, akwai shi da Faransanci. Za ka haɗu da wani ɗaurarren bunsuru a ƙasar Ayalan da ya hana mutane da yawa barci. Kai ɗan garin jar akuya ne, ka san abin da igiya take yi in dabba ta zabura. Bari ya tunkuye ka, kafin ya koma wurinsa ka yi maza ka danna tsohon injin noman da ke gefe.