Ba hassada ba ce, Hajiya, shinkafar ce ta daɗe a roba

Tambaya: Ina dafa abincin sayarwa a gida a Unguwar Dosa da ke Kaduna. Ba ni da shago, ta WhatsApp da Instagram ake yin oda, ɗan yayata ne ke kaiwa a babur. Makon jiya mutum uku a wani ofis a Barnawa suka yi amai da gudawa bayan sun ci soyayyiyar shinkafata da salak, ɗayarsu ta sa ni a status. Daga roba 30 a rana na dawo 10. Ni dai ina ganin hassada ce. Ina so in ci bashin naira dubu 400 in biya masu talla su dawo min da kasuwa. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, ajiye maganar bashi, ajiye ta hassada ma. Da na kira ki, abu ɗaya na tambaya: ƙarfe nawa shinkafar ta sauka daga wuta, ƙarfe nawa ta isa Barnawa? Kika ce "da safe dai". Sai da muka tsare yaron muka gano. Kin sauke ƙarfe 7, kin zuba a roba ƙarfe 9. Shi kuma ya fita ƙarfe 11 da roba 12 a jaka ɗaya, ya fara da Kawo, ya gangaro Ahmadu Bello Way, ya tsaya wajen abokinsa mai gyaran waya, sannan ya haye gada. Biyu da rabi ya isa. Awa bakwai da rabi ke nan, a zafin Kaduna, ga salak mai bama an danne shi a kan shinkafa mai ɗumi. Wane mahassaci kike nema kuma?

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60 na ma'aunin Celsius, ko a sanyi ƙasa da digiri 5. Shinkafa kuwa ta fi yaudara. Akwai ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da dafuwa ba ta gamawa da ita. Da shinkafa ta huce sai ta farfaɗo ta zuba dafi, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Sau da yawa ko wari ba za ki ji ba.

Mai shago, ana ganin tukunyarta, ana ganin tururi. Ke babu wanda ya taɓa leƙa kicin ɗinki, duba-gari ma bai san da zamanki ba. Hoto mutane suka gani suka yarda da ke, amma ke ba ki san abin da ke faruwa da abincinki ba da zarar ya fita ƙofa. Kuma me ya hana ki tambaya? Ɗan yaya ne, kuɗin mai kawai kike ba shi, don haka ba ki da bakin yi masa faɗa.

Na san wata a Tudun Wada mai kunun aya. Ta samu odar buɗa-baki a wani azumi, aka ɗauke wuta tun hantsi, ta ƙi sayen ƙanƙara don kada riba ta ragu. Kafin magariba kunu ya yi tsami, gorunan sun kumbura. Ita ma talla ta koma biya, sababbin masu saye suka zo suka tarar da abin da ya kori na farko.

Yi lissafi. In ribarki naira 700 ce a roba, sai kin sayar da roba kusan 570 kafin ki biya uwar kuɗin bashin kaɗai.

Raba girkin biyu, na ƙarfe 11 da na ƙarfe 1. Ki rubuta lokacin saukewa a murfin kowace roba, ki rubuta na isarwa a littafi. Salak a robarsa daban, cikin kula mai ƙanƙara. Odar tsallaken kogi, Barnawa, Kakuri, Sabon Tasha, ki haƙura da ita har sai kin samu mai babur na biyu. Yaron kuma ki yanka masa kuɗi a kan kowace kaiwa, roba biyar a tafiya ɗaya, a gaban mahaifiyarsa za ki faɗa masa.

Mutum ukun nan na Barnawa, ki kira su yau, ki mayar musu da kuɗinsu har da na magani. Ki fara da wadda ta sa ki a status.