Maƙwabci ya mai da gidansa masana'antar ruwan leda: wa ke da ikon tsayar da shi?

Tambaya: Barista, a wata unguwa muke cikin birnin Kano. Maƙwabcinmu ya mai da gidansa wurin sarrafa ruwan leda. Ba a kashe janareta sai tsakar dare, motocin ɗaukar kaya sun toshe mana layi, ruwan da suke zubarwa kuma ya fara cin gindin katangata. Da muka yi magana sai ya nuna mana takarda daga ƙaramar hukuma. Shi ke nan ba mu da ta cewa?

Amsa: Malam, kuna da ta cewa, domin takardar nan ba ta kai inda yake zato ba.

Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara, sa wa tituna suna, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, da makamantansu. Saboda haka mafi yawan takardun da ake nuna wa maƙwabta a irin wannan rigima rasit ne kawai na kuɗin shago ko harajin gini. Rasit yana nuna mutum ya biya kuɗi. Bai ba shi izinin mai da gidan zama masana'anta ba.

Wannan iko yana hannun jiha. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora filayen cikin birni a hannun Gwamna, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A Kano hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ce ke ba da izinin gini, kamar yadda KASUPDA ke yi a Kaduna. Idan gidan yana da satifiket, to an rubuta a ciki ko don zama aka bayar da filin ko don kasuwanci. Wanda ya sauya ba tare da amincewar gwamnati ba ya karya sharaɗi, kuma sashe na 28 na dokar filaye ya ba Gwamna damar soke mallaka saboda haka. Ba kasafai ake kaiwa can ba, amma duk mai masana'anta ya san da wannan takobi a kansa.

Kafin ku ɗauki alƙalami, ka duba takardun gidanka. Unguwannin awon igiya da yawa babu wanda ke da izinin gini a cikinsu, kuma jami'in da kuka kira ya duba maƙwabci zai ga shagon da kai ma ka fitar ya hau kan lambatu. Jan fenti ba ya tambayar waye ya kai ƙara.

Sai ku tara shaida. Hoton katanga da kwanan wata, a riƙa ɗauka duk mako daga wuri ɗaya don a ga yadda tsagewar ke ƙaruwa. Bidiyon janareta da dare, a nuna agogo. Ga katanga kuwa, ku samu injiniya mai rajista ya rubuta rahoto, domin abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai fara faɗa shi ne damina ce ta ci ginin, ba ruwansu ba.

Ku fara da mai unguwa da dagaci. Idan an yi sulhu a rubuta shi: ƙarfe nawa za a kashe janareta, ina motoci za su tsaya, wa zai gina magudanar ruwa kuma zuwa yaushe. Kowa ya sa hannu. Idan ya ƙi, ku rubuta koke zuwa KNUPDA, ku sa lambar fili da adireshi, ku nemi a duba ko an ba shi izinin sauya manufar filin. A bugo muku hatimi a kwafinku. Koke na baki ba ya shiga fayil, wanda bai shiga fayil ba kuwa ba a yi shi ba. Kwafi ɗaya ya je sashen lafiya na ƙaramar hukuma, don a nan ne take da ƙarfi: duba-gari na iya ba shi takardar gargaɗi kan ruwan da ke kwanciya a layi. Ƙarar janareta kuma akwai ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, na 2009 a kanta. Ku kuma duba ledar ko da lambar NAFDAC.

To idan ya zamana yana da cikakken izini fa? Izini bai halatta cutar da maƙwabci ba. Za ka iya kai shi Babbar Kotun Jiha ka nemi umarnin hana shi da kuma diyyar katanga. Toshe layi cuta ce da ta shafi kowa, kuma a da sai da Antoni Janar ake shigar da irin wannan ƙara, amma a shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport ta 1991, wadda mazauna wata unguwa a Legas suka shigar kan tirelolin da suka addabe su, Kotun Ƙoli ta buɗe wa mutane ƙofa. Abin da ake so shi ne ka nuna cutar da ta same ka kai da kanka, kuma katangarka ita ce wannan hujja. Kotun Shari'ar Musulunci ma tana sauraron ƙarar cutar maƙwabtaka bisa ƙa'idar babu cuta babu cutarwa, sai dai idan magana ta koma kan mallakar fili mai satifiket, hurumin Babbar Kotu ne kaɗai.

Abu biyu ke kayar da mutane. Na farko jinkiri: wanda ya yi shiru shekara biyu yana kallo, da wuya alƙali ya yarda cewa lamarinsa na gaggawa ne. Kuma idan ka nemi a dakatar da aikin kafin a gama shari'a, za a sa ka ɗauki alkawarin biyan asararsa in ƙararka ta zama ba ta da tushe, don haka ka yi lissafi tukuna. Na biyu, idan hukuma za ku haɗa a ƙarar saboda ta ƙi yin aikinta, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a galibin lamura, kuma hukumomi da yawa sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Ku ga lauya tun ranar da kuka miƙa koke, ba sai an yi muku shiru ba.

Ku ja wa matasan layi kunne kada su yanke masa waya ko su tare ƙofa da duwatsu. Ranar da aka yi haka, shi zai zama mai ƙara a ofishin 'yan sanda, a bar maganar katangarka a koma neman beli.