Gona da Ruwa: Amsoshin Tambayoyinku kan Fako, Kwazazzabo da Tafkin Lambu

Wasiƙun wannan makon duk kan kuɗi suke: abin da za a saya kafin damina, da abin da ya fi kyau a bar wa mai shago kayansa. Mun taƙaita tambayoyin, amsoshin kuwa mun bar su da tsawonsu inda ya kamata.

Daga wani manomi a Mai'aduwa, jihar Katsina: Na gaji gona hekta ɗaya, rabinta ta zama fako, ko ciyawa ba ta fitowa. Kuɗin hannuna za su sayi buhu huɗu na takin zamani. In saya, ko in biya 'yan ƙodago su haƙa min ramukan nan da ake kira tassa?

Malam, kada ka zuba buhu huɗu a kan fako. Saman fako ya daskare, ruwan sama ba ya shiga, gudu yake yi. Takin da ka watsa ruwan farko zai kwashe shi ya kai gonar maƙwabcinka na gangare. Ka fara da tassa, sannan ka sayi buhu ɗaya kacal.

Ana haƙa ramin da diga tun da rani, daga Janairu zuwa Afrilu. Faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20. Ƙasar da aka tono a tara ta a ɓangaren gangare na ramin, a lanƙwashe, don ta tare ruwan da ke saukowa. Nan ne 'yan ƙodago suka fi yin kuskure: in suka zube ta ta sama, sun toshe wa ramin hanyar ruwa, aikin ya tashi a banza. Ka tsaya a kansu ranar farko. Tazarar mita ɗaya tsakanin ramuka tana ba da rami 10,000 a hekta, wato 5,000 a rabin gonarka, kuma layukan su saɓa wa juna, ramin layi na biyu ya faɗo tsakanin ramuka biyu na layin farko, don ruwan da ya kuɓuce wa na sama ya faɗa na ƙasa. Aikin hekta guda yana cin awa 300 ko fiye na mutum ɗaya, gwargwadon taurin ƙasar. Shi ya sa gara ka yi ciniki a kan adadin rami, amma ka yanka sanda mai tsawon santimita 20 kana auna zurfi, domin wanda ake biya da ƙirga yakan yi ramin shan ruwan kaza.

Kowane rami a sa masa cikin hannu biyu na takin gida da ya ruɓe, kimanin giram 300. Rami 5,000 zai ci tan ɗaya da rabi. A zuba shi makonni kafin ruwa, a rufe da ƙasa kaɗan. Gara za ta biyo takin ta huda ƙasar da ƙananan hanyoyi, ruwa ya bi ta nan ya nutse. A wannan aikin gara abokiyar tafiya ce, kada ka sa mata magani. Ɗanyen kashin kaji kuwa yana ƙona tsiro, a guje shi.

Takin zamanin a sa shi ƙanƙani: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15, wajen giram 6, a kowane rami lokacin shuka, ɗan nesa da irin. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ce ta yi bincike mai yawa a kan wannan hanya. Rami 5,000 zai ci kilo 30, buhu ɗaya ma sai ya yi saura.

Dabarar ta samu karɓuwa a ƙasar Hausa bayan manoman Illela ta jihar Tawa sun je yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989, suka ga yadda mutanen can irin su marigayi Yacouba Sawadogo ke farfaɗo da fako. Amma tana da iyaka. A jigawa mai rairayi ramin rushewa yake yi, a wurin da ruwan shekara ya haura milimita 800 kuma ruwa kan kwanta ya ruɓar da gero. Mutumin Zariya kada ya kwafi na Mai'aduwa.

Daga wani Alhaji a Gombe: Kwazazzabo yana cin gefen gonata, zurfinsa ya kai ƙugun mutum. Magini ya ce a gina katangar siminti a tare shi. Wani kuma ya ce buhunan yashi sun isa.

Alhaji, duka biyun ba mu goyi baya ba. Katangar siminti ba ta lanƙwasa. Ruwa zai yashe ƙarƙashinta ko ya zagaya ta gefe, ta tsage, ta kife, kwazazzabon ya ƙara faɗi. Buhun leda kuma rana na cinye shi cikin watanni, yashin ya bi ruwa. Yana da amfani don agajin gaggawa na damina ɗaya, shi ke nan.

Abin da ake so shinge ne da ruwa zai ratsa ta cikinsa a hankali, ya bar laka da yashi a bayansa. A ƙaramin kwazazzabo irin naka jeren duwatsu ya isa, in ruwan na da ƙarfi a ɗaure su cikin kwandon waya. In za ka sayi wayar, ka nemi mai rufin hana tsatsa wadda aka saƙa da murɗi biyu. Ragar kejin kaji ba ta kai damina biyu ba.

Tsayin shingen kada ya wuce mita ɗaya, rabin mita ma ya fi aminci. A tona masa gindi kamar santimita 30, a cusa gefunansa biyu cikin gaɓar kwazazzabon aƙalla rabin mita. Tsakiyarsa ta fi gefuna gajarta, don ruwa ya tsallake ta tsakiya maimakon ya ci gaɓa. A gabansa, inda ruwan zai faɗo, a shimfiɗa manyan duwatsu tsawon da ya kai tsayin shingen sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan shimfiɗar ita ce ake yawan tsallakewa don rage kuɗin tifa, ita ce kuma dalilin rushewar yawancin shingaye. Kuma shinge ɗaya babba bai kai ƙanana da yawa ba: a jera su yadda saman na ƙasa zai yi daidai da gindin na sama.

Sai dai duk wannan magani ne na rabin ciwo. Ruwan daga wani wuri yake zuwa. Ka bi shi zuwa sama ranar da aka yi ruwa, ka ga ko daga hanya yake, ko daga gonar wani da aka yi wa huɗa bin gangare. In ba a rage masa ƙarfi can ba, zai buɗe sabon kai kusa da wanda ka toshe. Bayan laka ta taru, a dasa gamba ko jema a kanta, saiwa ɗaya kowane santimita 10 zuwa 15.

Daga wani malamin makaranta a Gumel: Ina so in sayi dashen itatuwa 200 don kare gonata daga iska. Wane iri ya fi?

Kafin ka biya kuɗin ko ɗaya, Malam, ka zaga gonar ka ƙirga kututturan da ke toho duk shekara kana sarewa: kalgo, sabara, magarya, aduwa, gawo. Saiwarsu ta riga ta yi nisa, ba sa buƙatar ban ruwa, dashe kuwa sai ka yi ta jido da tsaron awaki har rani biyu. A kowane kututture ka bar reshe 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wannan shi ne sassaben zamani da ya faro a Maraɗi a 1983, ya mayar da itatuwa a kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ya fi kowa daraja, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa.

Dashe sai a kan iyaka ta gabas da arewa maso gabas. A kwarin Majiya da ke Nijar, tun 1975, layi biyu-biyu na dogon yaro aka yi, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge. Itacen turare kuwa, kada ka kai shi kusa da amfanin gona.

Daga wata Hajiya a Haɗeja: Ina da lambu rubu'in hekta. An ce in haƙa tafki mita 10 da 10, zurfin mita 2, in shimfiɗa leda, zai ishe ni noman rani.

Hajiya, lissafin wanda ya faɗa miki bai fita ba. Tumatir ko albasa da rani na shan kusan lita 6 a kowane murabba'in mita a rana. Lambunki murabba'in mita 2,500 ne, wato lita 15,000 kullum. Tafkin, ko an cika shi maƙil, lita 200,000 ne, kuma rana da iskar hunturu za su ɗauke fiye da rabin mita daga samansa cikin wata uku. Abin da ya rage bai kai ya riƙe lambun kwana goma ba. Fili mai mita 15 da 15 ne kaɗai zai iya shayarwa har girbi.

Tunda kina yankin fadama, a fara duba zurfin ruwan ƙasa. In bai wuce mita 6 zuwa 7 ba a ƙarshen rani, ƙaramar rijiyar burtsatse da injin inci 2 sun fi tafki araha nesa ba kusa ba. In ya wuce haka, injin da ke zaune a sama ba zai zuƙo ba, komai girmansa, sai famfon da ake nutsarwa. In dai tafkin kike so don ajiya, ki sayi ledar HDPE mai kaurin milimita 0.5 ko fiye, a tsince tsakuwa da saiwoyi kafin shimfiɗa, a binne bakinta cikin rami, a kewaye wurin saboda yara da kofaton dabbobi.

Daga wani matashi da ya gama karatun kimiyyar ƙasa: Ina so in riƙa yi wa manoma wannan aikin ana biyana. Na'urar GPS zan fara saya ko na'urar awon safiyo?

Ɗan'uwa, ka fara da farin tiyo mai nuna ciki, mita 12 zuwa 15, da sanduna biyu masu tsawon mita ɗaya da rabi, da tef ɗin awo na mita 50, da turaku. GPS na waya ya isa auna girman gona, amma wajen tsayi yana kuskure da mitoci, kai kuwa santimita kake nema.

Ka zana santimita a jikin sandunan, ka ɗaure bakin tiyo ɗaya a kowace, ka cika ruwa har iska ta fita duka, don ƙwayar kumfa ɗaya na ɓata awo. Ka tsayar da su gefe da gefe ka tabbatar ruwan ya tsaya a lamba ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya a turken farko, ɗayan ya matsa gaba yana hawa ko sauka har lambobin biyu su daidaita, a kafa turke. Haka ake fitar da layin da jeren duwatsu ko ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata za su bi. Gangare ma da shi ake aunawa: bambancin santimita 20 a nisan mita 10 kashi 2 cikin 100 ke nan, kuma a irin wannan gangaren tazarar mita 25 zuwa 30 tsakanin jeren duwatsu ta yi. Da safe ake aikin, kafin zafi ya taɓa tiyon.

Samfurin ƙasa kuma ka ɗebo daga wuri 15 zuwa 20 a gonar, zurfin santimita 20, ka cakuɗa a bokitin roba, ka aika rabin kilo ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya. Ƙananan na'urorin nan masu tsinke da ake tallatawa a intanet, ba ma ɗora shawarar taki a kan abin da suka nuna.

Wajen samun aiki, ka leƙa ofishin jiharka na ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da hukumar raya aikin gona ta jiha. Manomi kuwa ba takardar shaida zai duba ba. Ka nemi wanda zai ba ka aron gefen fako a bakin hanya, ka gyara rabi ka bar rabi, ka rubuta ranar shuka, yawan taki da damin da aka samu a kowane ɓangare. Na'urar safiyo sai ranar da aka ba ka aikin dam ko magudana, kuma ko a ranar haya ta fi saye.