Tambaya da Amsa: Na Sayi Fulat a Bankok, Zan Iya Ba da Hayar Kwana-Kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina saro kaya a Bankok, babban birnin Tailan, har Allah ya hore na sayi fulat mai ɗaki biyu a wani dogon bene. Dillali ya ce in sa shi a Airbnb, manhajar da matafiya ke neman masauki a intanet, baƙi su riƙa kama kwana biyu ko uku, wai ya fi hayar shekara tsoka. Akwai matsala? Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sanya albarka. Akwai matsala, kuma babba. Takardar mallakar da ke hannunka ta ba ka ikon zama a ciki, ko sayarwa, ko ba da hayar wata-wata. Ba ta ba ka ikon saukar da baƙi kamar otal ba.

Dokar otal-otal ta Tailan ta shekarar 2004 ta ɗauki duk wurin da ake saukar da matafiya don kuɗi a matsayin otal, sai fa inda ake biyan haya ta wata ɗaya zuwa sama. Wanda ya yi wannan sana'a babu lasisi zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 1, ko tarar da ta kai bat 20,000 (bat shi ne kuɗin Tailan), ko duka biyun, sannan ga tarar da ta kai bat 10,000 a kowace ranar da ya ci gaba. A 2018 wata kotu a garin Hua Hin ta ci masu fulat tara a kan hayar kwana-kwana, don haka dokar ba a takarda kaɗai take ba.

Dillalin zai iya ce maka akwai sassauci ga ƙananan masaukai. Haka ne, a 2023 an faɗaɗa shi zuwa ɗaki 8 da baƙi 30. Amma ko su sai sun sanar da hukuma, kuma irin ginin da ka saya a ciki yana ƙarƙashin wata doka dabam, wadda ta hana kasuwanci a ɓangaren da aka keɓe don zama. Lasisin otal kuwa, ginin gaba ɗaya ake dubawa, ba fulat ɗinka kaɗai ba.

Maƙwabta ne suka fi tona asiri, ba 'yan sanda ba. Kullum sai an ga baƙuwar fuska da jakar tafiya a gaban lifta, ga akwatin makulli mai lambobi rataye a jikin ƙarfen ƙofa. Sai a kai ƙara ofishin masu kula da ginin, su kuma su kashe katin shiga. Baƙonka ya sauko daga jirgi tsakar dare, ƙofa ta ƙi buɗuwa, kai kana Kano. Ka mayar masa da kuɗinsa, ya kuma ɓata maka suna a manhajar.

Shawararmu ita ce ka tsaya a hayar wata ɗaya zuwa sama, da yarjejeniya a rubuce. Kafin nan, ka karɓi kwafen ƙa'idojin ginin, ka ba lauya mai zaman kansa ya karanta maka, ba lauyan da dillali ya kawo ba, domin wasu gine-ginen nasu sharaɗin ya fi na gwamnati tsauri. In ɗan hayar baƙo ne a ƙasar, wajibi ne a sanar da hukumar shige da fice cikin awa 24 da saukarsa, ta fom ɗin TM30, kuma nauyin yana wuyan mai gida. Hayar da ta wuce shekara 3 sai an yi mata rajista a ofishin ƙasa kafin ta tsaya har ƙarshenta a gaban kotu.

Kada kuma ka riƙa tarbar baƙi da karɓar kuɗi da hannunka alhali da bizar yawon buɗe ido ko ta kasuwanci ka shiga. Ana iya ɗaukar haka a matsayin aiki babu izini. Ka ɗauki kamfani mai rajista ya kula da gidan. Haraji ma yana nan: kuɗin hayar gidan da ke Tailan a can ake biyan harajinsa ko ba ka zaune a ƙasar. Ana yafe kashi 30 cikin 100 a matsayin kuɗin hidima, a lissafa sauran. Ana shigar da takardar rabin shekara zuwa ƙarshen Satumba, ta shekara kuma zuwa ƙarshen Maris.

Tambaya: Ni nawa a Dubai yake. Hukuncin ɗaya ne? Daga wata Hajiya a Maradi.

Amsa: A'a, Hajiya. Dubai ta halatta hayar kwana-kwana, amma da izini. Za ki yi rajista da Hukumar Tattalin Arziki da Yawon Buɗe Ido ta Dubai, ki gabatar da takardar mallaka da fasfo da takardar biyan wuta da ruwa ta DEWA. Kowane fulat da izininsa, ana sabuntawa duk shekara, kuma gidan gaba ɗaya ake bayarwa, ba ɗaki-ɗaki ba. Kowane baƙo sai an shigar da bayanan fasfonsa a na'urar hukumar. Za ki kuma karɓi dirhami 10 ko 15 a kan kowane ɗakin kwana a duk dare, gwargwadon matakin da aka sa gidan, ki miƙa wa hukuma kowane wata. A nan waɗanda ke nesa suka fi yin sakaci. Idan wakili ne ke riƙe miki gidan, ki nemi ya turo miki kwafen izinin da rasit na kowane wata, ki kuma duba ko lambar izinin tana jikin tallan da ya sa a intanet.