Tambaya da Amsa: Tsohuwar Masaƙar da Ruwa Yake Juyawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗaliba ce a Manchesta, kuma ina da rana ɗaya da nake son in kai ziyara ɗaya daga cikin tsofaffin masana'antun auduga waɗanda aka ce ruwan kogi ne yake juya injinansu. An ambata mini Cromford da Quarry Bank. Wacce ta fi dacewa, kuma me ya kamata in lura da shi idan na je?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Tun da rana ɗaya kike da ita, shawarata ita ce ki tafi Quarry Bank, ko da yake Cromford ce ta girme ta kuma ta fi ta suna.

A Cromford, cikin gundumar Derbyshire, Richard Arkwright ya gina masana'antarsa a 1771, shekara biyu bayan ya yi rajistar injinsa na kaɗi wanda yake jan auduga tsakanin sandunan da ke juyawa, ya murɗe ta ta zama zare mai ƙwari. Ana ɗaukar ta a matsayin masana'antar kaɗin auduga ta farko da ta yi nasarar aiki da ƙarfin ruwa, kuma tun 2001 tana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su. Sai dai daga baya an mayar da wurin masana'antar yin launin fenti har zuwa 1979, saboda haka gine-gine da hanyoyin ruwa ne mafi yawan abin da ya rage.

Quarry Bank kuwa tana ƙauyen Styal, kusa da filin jirgin saman Manchesta. Samuel Greg ne ya kafa ta a 1784 a bakin kogin Bollin, iyalansa suka damƙa ta ga ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi a 1939, kuma ba a daina saƙa a cikinta ba sai a 1959. Abin da ya sa na fifita ta shi ne, a can ana kunna injinan a gaban maziyarta, sai ki ga shiɓa da kaɗi da saƙa suna gudana, ki ji ƙarar da ma'aikata suke wuni a cikinta.

Idan kin isa, kada ki yi gaggawar shiga ɗakunan injina. Ki fara daga bakin kogi, ki bi ruwan da ƙafa, domin shi ne tushen komai. Za ki ga madatsar da take tara ruwa, sannan magudanar da take kai shi ga ƙaton wili na ƙarfe da ke ƙasan ginin. Mutane da yawa suna zaton gudun ruwa ne yake tura wilin, alhali nauyinsa ne yake yin aikin: ruwan yana zuba cikin aljihunan da ke jikin wilin daga sama-sama, ɓangaren da ya cika ya rinjaya ya yi ƙasa, ya zubar, wani ya biyo baya. Wilin yana juyawa a hankali ƙwarai, amma haƙoran ƙarfe suna ninka saurinsa, su miƙa shi ga dogayen sanduna masu ratsa kowane bene, daga nan kuma bel-bel na fata su sauko da shi zuwa kowane inji. Da zarar kin gane wannan, za ki fahimci dalilin da ya sa aka gina irin waɗannan masana'antu a cikin kwaruruka nesa da gari, da kuma dalilin da ya sa aka kawo injin tururi a 1810, domin kogi yakan ja baya a lokacin zafi, aiki ya tsaya. Wilin da yake wurin yanzu ba shi ne na asali ba, daga wata masana'anta ta Yorkshire aka kawo shi.

Nisan nan daga gari shi ne ya haifar da ɓangaren da na fi son ki ba wa lokaci, wato gidan yara 'yan koyo. Da yake babu isassun ma'aikata a ƙauye, sai Greg ya riƙa karɓo yara daga gidajen gajiyayyu, a rubuta yarjejeniya cewa za su yi masa aiki na shekaru, shi kuma ya ba su abinci da tufafi da makwanci da ɗan karatu. Yara wajen casa'in sukan zauna a gidan a lokaci guda, suna aikin sa'o'i goma sha biyu ko fiye a rana, kuma ƙananansu ne ake tura su ƙarƙashin inji yana tafiya su share audugar da ta zube. Za ki ji ana cewa Greg ya fi wasu masu masana'antu kyautatawa, har ma yana da likitan da yake duba yaran. Hakan gaskiya ne, amma a ganina bai kamata ya rufe mana ido ba, domin yaran ba su da ikon barin wurin, wanda ya gudu kuma akan kamo shi a hukunta. Tun 1819 majalisar dokokin Birtaniya ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara tara a masana'antun auduga, amma sai a 1833 ta ƙarfafa dokar tare da naɗa masu sa ido, kuma tsarin 'yan koyo bai ƙare a Styal ba sai a 1847.

Ki kuma tambayi masu zagayawa da baƙi inda audugar take fitowa, tun da ba ta tsiro a Ingila. Mafi yawanta a wancan zamani bayi ne 'yan asalin Afirka suke noma ta a tsibiran Karebiyan da kudancin Amurka, kuma iyalin Greg kansu suna da gandu da bayi a tsibirin Dominika.

Ki duba ranakun buɗewa kafin ki tashi, ki fara tambayar lokacin shiga gidan yaran da zarar kin isa saboda ɗakunansa ƙanana ne, sannan ki sa takalmin da zai jure taɓo, domin hanyar bakin kogi takan jiƙe.