Amsar Gwaggo Kan Sunan 'Ya Mace

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce an yi miki faɗa don an gan ki tsaye da wani ɗan ajinku a bakin layi, alhali yayanki sai tsakar dare yake shigowa ba mai ce masa uffan. Kina son ki ji dalili.

Dalilin yana wurin bincike. Ba a ɗaura aure a ƙasar Hausa sai dangin miji sun aika an tambayo asalin yarinya da halinta, kuma ba ke za a tambaya ba. Mai unguwa za a samu, da limamin masallacinku, da maƙwabta, har tsohuwar da ke tuyar ƙosai a lungu. Abin da suka faɗa shi za a ɗauka. Namiji ma ana bincikensa, amma yawanci sana'arsa ake tambaya, da sallarsa, da ko yana shaye-shaye. In ya yi rawar kai a samartaka sai a ce ƙuruciya ce, aure zai natsar da shi. Mace ba a yi mata wannan uzurin.

Sannan sunan ba naki ba ne ke kaɗai. 'Yar gidan wane ake ce miki. In aka yi da ke, ƙannenki mata za su ga manema sun janye, a ce mahaifiyarki ba ta iya tarbiyya ba, mahaifinki ya kasa ɗaga kai a majalisa. Inda maza ke riƙe da waliccin aure da dukiya da faɗa a ji, macen da ba ta da ilimi ko sana'a ba ta da jarin da ya wuce sunanta. Shi ya sa iyayenmu suka ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Tsoron wannan ne ya sa aka yi miki faɗa. In kuna da maganar karatu da yaron, ya zo gida ya yi sallama a san da shi.

Amma ba zan ce miki ma'aunin daidai yake ba. Son kai ne na al'ada, kada ki bari a jingina shi ga addini. Buɗe Suratun Nur. A aya ta 30 maza aka fara umarta da runtse ido, kafin a zo kan mata a ta 31. Aya ta 4 kuwa ta yanke bulala 80 ga wanda ya yi wa mace kamila ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba, kuma a daina karɓar shaidarsa. A surar nan Allah Ya wanke Nana A'isha daga ƙaryar da aka yi mata a Madina. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta rasu a 1864, mata ta riƙa aikawa ƙauyuka suna koyar da 'yan uwansu, kuma fitar ba ta zubar musu da mutunci ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu mata muna cikin masu ɓata sunan. Aure ya mutu, tambayar farko a gidan biki ita ce, me ta yi? Ba a cika tambayar me aka yi mata ba. Bazawara ta yi kwalliya a ce da walakin, ta ƙi yi a ce ta lalace. A da tsegumi a bakin rijiya yake ƙarewa, yanzu kafin la'asar ya zaga gari a waya. Ranar da aka turo miki hoton 'yar mutane a WhatsApp da labari a ƙarƙashinsa, ki tambayi wadda ta turo ina shaidunta huɗu, sannan ki goge shi.