Amsa ga mai tambaya kan shaƙar sholisho

Yaya, kin ce kin kama ƙaninki mai koyon faci a Garwa da tsumman sholisho a hanci, kina tambaya ko abin yarinta ne da zai wuce. A'a, ba abin sakaci ba ne. Sholisho, fetur, tina, har da ruwan goge farce, tururinsu daga huhu yake shiga jini ya zarce ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi. Yana iya rikita bugun zuciya yaro ya faɗi matacce, ko da ranar ya fara. In ya daɗe yana yi kuma, sai mantuwa, rawar hannu, raunin ji da ciwon ƙoda.

Amma don Allah, in kin same shi a buge, kada ki daka masa tsawa ko a bi shi da gudu, firgita a wannan hali tana iya tsayar da zuciya. Ni da ɗan yayana ya faɗa ciki a Marwa, bulala ba ta yi mana komai ba, ɓoyewa kawai ya koya. Ki fitar da ƙanin naki iska, in ya suma a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Magana sai ya dawo hayyacinsa, kuma ki sami maigidansa a wurin faci, don can gwangwanin yake.